Zane na Arba'in da Ɗaya

Mai Tabarau ya ajiye ƙarfen karta a kan tebur, faffaɗa irin na masu gyaran bango, sannan ya ce a shigo da ita.

Ba-Ragi ta shigo. Sunan da dillalai suka laƙa mata ke nan, don shekara ashirin da biyu ita ke cinikin zanen mijinta, kuma ba a taɓa jin ta sauko daga abin da ta faɗa ba. Shi kuwa mijin, Mai Zane, a da yakan zauna a gefe yana murmushi, farar rigarsa ko ɗigon fenti babu. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa.

Zanensa arba'in ne rataye a bangon shagon Dillali, mai sayen zanen ya sayar. Ba mutum a ciki, ba dabba. Launi ne a kan launi, an karce na sama, na ƙasa ya leƙo. Na arba'in da ɗaya yana jingine a ƙasa.

Wannan shi ne wanda ta hana. Sau uku Dillali ya taya, sau uku ta ce ba na sayarwa ba ne. Ƙanin mijinta ya faki idonta ya ɗauko shi daga ɗakin kwananta ya kawo. Da Mai Tabarau, wanda aikinsa tantance zane, ya ce bai yarda da shi ba, nan take ƙanin ya zame: ai a ɗakinta ya same shi, ita za a tambaya.

A bakin ƙofa wani ɗan sanda yana zaune, ankwa na lilo a ƙugunsa.

"Baiwar Allah, matso ki gani," in ji Mai Tabarau. Ya haska fitila ta gefen ɗaya daga cikin na bango. "Wannan fentin roba ne, kafin shayi ya huce ya bushe. Marigayi yakan zuba baƙi, ya ɗora ja, ya ɗora shuɗi, sai ya ja ƙarfe sau ɗaya tak, daga dama zuwa hagu, ba tsayawa. Duk arba'in ɗin haka suke."

Ya mayar da fitilar kan na ƙasa.

"Wannan kuwa an ja daga hagu. An tsaya sau uku, ga gaɓoɓin nan. An kuma koma baya, launin ya dagule ya zama taɓo. Hannun matsoraci ne."

Maganar ta soke ta, amma ta haɗiye.

Dillali ya share zufa. "In ɗaya ya zama jabu, gobe za a fara shakkar sauran. Sunan mijinki ne zai zube, ba nawa ba. Faɗa mana wanda ya yi."

"Matar yaya, ki faɗi gaskiya ki huta," in ji ƙanin. "Ni dai ɗauka na yi."

"Ɗauka kam ka iya ta tun kana ƙarami," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Mai Tabarau bai yi dariya ba. Ya shimfiɗa sabon ƙyalle ɗaure a katako, ya matsa baƙi, ya ɗora ja, ya ɗora shuɗi. Ya tura mata ƙarfen.

"Ja mu gani."

Ƙamshin fentin ya bugi hancinta. Ta miƙa hannun hagu, sai ta yi sauri ta mayar da shi cikin mayafi, ta ɗauki ƙarfen da dama. Tana ganin gefen shuɗin ya fara kama jiki. Tsoronta ɗaya, kada hannu ya ci amanarta a gaban mutum huɗu.

Ta kafa ƙarfen ta hagu. Ta ja kaɗan, ta tsaya. Ta ƙara ja, ta tsaya. Zufa ta gangaro mata har cikin ido. Ta ja na uku, ta dakata kamar mai jiran numfashi ya dawo, sannan ta koma baya ta bi ta kai. Launin ya zama taɓo.

Mai Tabarau ya jera shi kusa da na ƙasa. Ya daɗe yana haskawa. Ɗan sanda ya miƙe tsaye.

"Hannu ɗaya ne," in ji Mai Tabarau. "Ita ta yi."

"Ni na yi," in ji Ba-Ragi. "Kewa ce. Ban kawo muku ba, ban ce ku saya ba."

Wannan kam gaskiya ce, Dillali ma ya sani. Ya ce a bar maganar ankwa, amma ta sa hannu a takarda ba za ta ƙara taɓa fenti da sunan marigayi ba, kuma kada ya sake ganin ƙafarta a shagon. Ba ta iya rubutu ba, sai ta dangwala yatsa.

"Kwashe shararki," in ji Dillali.

Ko a nan sai da ta yi ciniki. Ta ce ba za ta fita ba sai ƙanin mijinta ya ɗauka a ka ya mayar inda ya samo. Haka ya yi, yana gaba tana baya, masu shagunan layin suna nuna ta da baki.

Da ta rufe ƙofa, ta mayar da zanen kan ƙusarsa, saitin gado. Ta shafa gaɓoɓin nan uku da yatsun hagunta, wuraren da tari ya tsayar da mijinta ranar da ya ce, "Uwargida, bar ni in gwada ko sau ɗaya ne." Shekara ashirin da biyu aikinsa rubuta sunansa a ƙasan abin da ta karta, arba'in ɗin can duk nata ne, wannan kaɗai ya yi da hannunsa.