Kwanon Ciyayyar Ladan

Ranar wata Laraba ce, farkon damina, tun safe ake yayyafi. Da aka sallame Azahar wani ladan ya duba sahu, bai ga tsohon da ke tsayawa a jikin bango ba. Jiya ma bai gan shi ba. Tsohon nan baƙo ne. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ya iso garin shi da matarsa, aka ba su aron ɗaki a bayan masallaci da 'yar gona a bakin rafi. An ce a can gida mai rumbuna ne, ba a sauke tukunya a gidansa baƙo bai ci ba. Tun zuwansu ladan ya sa iyalinsa suna kai musu ciyayya kullum. Kwanon kuwa bai taɓa dawowa wayam ba. Yau gyaɗa, gobe ƙuli-ƙuli, wata rana daddawa ƙunshe a ganye.

Ana haka 'yan asalin garin da ke aiki a birni suka haɗa ɗan tallafi, irin shuka da taki da abin cefane, don tsofaffi marasa galihu da waɗanda aka koro daga gidajensu. Suka ce ladan ya nuna musu ƙofofi, tunda shi ya san kowa. Da aka zo ta bayan masallaci ya ce a wuce. Wai wannan da sauran ƙarfinsa, gidan da ke mayar da kwano da gyaɗa ba ya kwana da yunwa. Aka raba, aka gama, mota ta koma birni. Sai kuma baɗi.

To, wannan Larabar ladan ya zagaya duba tsohon. Bai taɓa wuce bakin ƙofa ba sai ranar. Ya yi sallama, ya ɗaga buhun da aka rataya a madadin labule, ya tsaya kamar an dasa shi. Babu tabarma. Babu bargo. Tsohon yana kwance a kan daɓe, zazzaɓi na kaɗa shi, ya lulluɓa da rigar da yake zuwa masallaci da ita. Ruwa na ɗiga daga rufi kusa da kansa, babu ko ƙwaryar da za a tara. Ladan ya tambayi tsohuwar ina kayan da ya gani a kansu ranar da suka zo. Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Malam ya ce bai taɓa mayar da kwanon mutane wayam ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba." Tabarma ta tafi wajen mai gyaɗa. Bargo ya bi ta, tukunya ta bi bargo. Garmar da ya ɗauko a kafaɗa tun daga ƙauye, ita ce daddawar makon jiya. Ga damina ta sauka, gonar aro tana jira, babu iri, babu abin noma.

Ladan ya fito, har ya manta takalmansa. Daddawar nan da ita aka kaɗa miyar da ya sha jiya, har ya yaba. Ashe tuwon da yake aikawa shi ke cin ɗakin nan, kuma bakinsa ne ya juya motar tallafi daga ƙofarsu. A ranar nan, da ya tashi kiran La'asar, muryar ta ƙi fita, sai wani ya karɓa.

Da gari ya waye ya ɗebi gero daga irin da ya ajiye wa gonarsa, ya saɓa garmarsa, ya nufi bayan masallaci. Ya jingine garmar a bango. Ya zazzage geron a busasshiyar kusurwar ɗaki, ya naɗe buhunsa ya fita da shi, don kada a sami abin da za a mayar.

Kai da aka ɗora wa rabon bana, kada ka yi awo daga bakin ƙofa. Hausawa sun riga sun faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.