Aljanin Ɗakin Deri

"Malam, ka ji ko? Ga shi nan kuma!" Hajiya Rafia ta nuna ƙofar ɗakin Deri, ɗan hayarta da ya kulle ya tafi jihar Ohio.

Bul. Bul-bul.

Kwana biyar ke nan ƙarar na fitowa daga ɗakin da ba kowa. Har Hajiya ta fara neman wani gida, don ta bar unguwarsu ta Morris Heights.

Malam Wahab ya gyara zama. "Aljanin ruwa ne. Bar ni da shi."

Kullum bayan la'asar sai ya zo ya yi tofi ta ƙasan ƙofa. Ƙarar ta riƙa raguwa. Rana ta bakwai, tsit.

Suna cikin cin wake da shinkafar godiya Deri ya dawo.

"Ɗana, Malam ya kori abin da ke bul-bul a ɗakinka," in ji Hajiya.

"Ya daina, Mma? Gaba ɗaya?"

"Tun jiya."

Deri ya yi tsalle. "To giyar da na haɗa na bari a ɗaki ta nuna ke nan! Da ma shirun nake jira. Malam, na gode da sa albarka."

Cokali ya faɗi daga hannun Malam.