Ƙulli na Tara

Da hoton ya bayyana a bango, tsohuwa ta dafe ƙirji. Igiyarta ce!

Da safe ta biyo 'yarta a jirgin ƙasa daga Paris zuwa Lyon, zuwa taron asibitin jami'a, inda likitoci da masana lissafi da masu binciken jini suka cika ɗaki maƙil. Faransanci ake ta zubawa, ko kalma ba ta tsinta.

Amma igiyar kam ta san ta. A Damagaram, duk ranar da sikila ta kayar da yarinyar, ƙulli take yi: baƙin zare in ana sanyi, ja in ana zafi. Ta taɓa nuna wa wani lokotoro a asibitin garin, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wannan ai camfi ne."

Yau ga yarinyar tsaye, tana bin ƙulli ɗaya bayan ɗaya, manya suna rubutawa.

Sai ta juyo da Hausa: "Inna, farfesan can yana tambaya, me ya sa ƙulli na tara ya fi girma?"

Tsohuwa ta gyara mayafi, ta miƙe.

"Ce masa ya ɗauki alƙalami."