Waɗanda Suka Haye Kuseri

Wata la'asar harbi ya hana mu fita a unguwarmu ta Gardole. Baba ya ɗauko wani littafin labarin 'yan sanda na Faransanci mai warin kananzir, yana juya mana shi da Hausa. Duk wanda aka bindige a labarin sai ya ce, "Shi ma ya haye Kuseri," wato garin da ke tsallaken kogi, inda jama'a ke gudun hijira. Can aka ce mana Yaya Sani ya tafi.

Na ce, "Baba, ashe zai ga Yaya Sani a can?"

Ya daɗe yana kallon shafin. "Zai gan shi."

Har yau ina karanta irin littattafan nan, ina kuma jin haushinsu. Marubutan ba su da tausayi irin na Baba, kowa sai sun nuna mini gawarsa.