Jif Mai Tsoron Laka

Tana cikin ban ruwa a lambunta ta hango shi ya ajiye sabuwar jif can bakin kwalta, ya tako yana ɗage ƙafar wando. Kafintan da ya saba shigo da tsohuwar a-kori-kurarsa har bakin rijiya yana sauke mata taki, wai shi ne yau da farin takalmi.

"Ina a-kori-kurar?" ta tambaye shi.

"Na sayar. Wannan dutse take hawa, kogi take ratsawa. Zo mu zauna a ciki, maganar aurenmu ce ta kawo ni."

Ta daɗe tana jiran wannan kalma. Ta bi shi. Ya buɗe mata ƙofa, kujerun ko ledarsu ba a cire ba. Sai ya dubi takalmanta na roba, ya yi ɗan tari, ya zaro tsohuwar jarida ya shimfiɗa inda za ta sa ƙafa. Ya ƙara wata a kan kujera.

Ta kalli jaridar, ta kalle shi sama da ƙasa, ta taɓe baki.

"Motar da ke ratsa kogi, lakar ƙafata ce za ta kashe ta?"

"Haba, sabuwa ce fa."

"Ni kuma kullum haka nake, Malam."

Ta ɗauki jaridar ta goge hannuwanta tsaf, ta danƙa masa.

"Wanda ya sayi a-kori-kurar, ka turo min shi. Ina da takin da za a kwaso."