Ranar da Kaka ta amsa wa rediyo sallama

Ina 'yar shekara bakwai ko takwas aka kawo rediyo gidanmu a Saji. Kawuna ne ya zo da ita daga Kano, ya ajiye ta a kan turmi bayan la'asar, muna ɓarar gyaɗa ni da Kaka. Har yau ina jin ƙamshin gyaɗar nan.

Da ya murɗa, sai wani mutum ya yi sallama daga ciki. Kaka ta aje ƙwarya, ta ja mayafi ta rufe kanta, ta amsa masa cikakkiyar amsa. Har ta ce, "Sannu da zuwa, Malam, ya hanya?" Mutumin bai saurara ba, ya ci gaba da zubarsa.

Na tuntsire da dariya har gyaɗa ta zube. Kaka ba ta dake ni ba, ta dai dube ni ta daɗe.

"Yi dariyarki, yarinya," in ji ta. "An shigo da baƙon da ba ya jiran amsa. Ni na kusa tafiya, ku za ku zauna da shi."

Jiya na je gidan 'yata a Rano. Sau uku ina sallama. Jikokina huɗu suna tsakar gida, kowa ya duƙufa a kan waya, wai gem suke yi. Da a da ne, da na kwashe wayoyin nan. Yanzu kam na gaji. Na amsa wa kaina sallamar, na shimfiɗa tabarma na zauna.