Furen Kwalba

Akwatunan sun iso daga Taiwan ranar Talata, suka kwana tara a filin jirgi. Wilmar Ospina bai ɗaga wa kowa murya ba. Takardar izini, ga ta. Takardar lafiyar tsiro, ga ta. Saiwoyi wankakku tas, babu ko ƙwayar ƙasa. A rana ta goma ya loda su a motar maƙwabci, ya nufi zauren ƙungiyar masu renon furen ado mai suna okid ta unguwarsu a birnin Medellín.

Shekara bakwai rabonsa da gida. Duk wanda ya tambaye shi aikin da ya yi a Taiwan, amsa ɗaya ce: wankin kwalabe.

Tsiro talatin ya jera a kan tebur, duk simbidiyum, wani nau'in okid, kowanne da zangarniyar da ba ta buɗe ba. Babu suna, babu hoto, sai lamba. Sharaɗinsa ɗaya: duk wanda ya ɗauka, ya kawo tukunyarsa bajekolin ƙarshen wata.

"Wane launi ne, ɗana?" in ji Doña Ligia, tsohuwar malamar makaranta, tana shinshina ganyen.

"Ki yi haƙuri, Iya. Mako uku kawai."

Shugaban ƙungiya, Don Evaristo Londoño, ko kusa da teburin bai zo ba. Yana zaune da kofin baƙar gahawarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Furen kwalba! A yanki ɗan toho ɗaya a ɗakin gwaji, a buga dubu kamar jarida, wai shi ma fure. Kai, mai wankin kwalba, ban ce kar jinin Ramiro ya sake taka zauren nan ba?"

"Ka ce, ranka ya daɗe. Na taka."

Kowa ya san zancen. Don Evaristo yana da simbidiyum guda da yake kira Sarauniya, koriya shar da jan leɓe, wadda ya ce babu ta biyunta a duniya. Sau goma sha ɗaya tana cin kofin bajekoli. A ƙungiyar, in furenka ya yi 'ya'ya ka raba wa 'yan uwa. Shi kam bai taɓa ba kowa ko busasshen ganye ba. Mahaifin Wilmar, Don Ramiro, shi ya yi mata ban ruwa shekara ashirin. Da ƙarfinsa ya fara ƙarewa ya roƙi toho ɗaya, aka yi masa dariya. Bayan mako guda aka tarar an yanke toho. Tsohon ya rantse a gaban jama'a bai taɓa ba, aka kore shi da sunan ɓarawo. Tun daga nan bai sake fita ko ƙofar gida da rana ba.

Yanzu kuma Don Evaristo ya yi barazanar korar duk wanda ya ɗauki tsiron Wilmar. Doña Ligia ta rungumi tukunya ta ce, "To ka fara da ni." Kafin azahar teburin ya zama wayam.

Ranar bajekoli Wilmar ya goge wa mahaifinsa takalmi, ya riƙo hannunsa har cikin zaure. Tsohon yana ta turjewa.

"Me zan gani a can wanda ban gani ba?"

"Zo dai, Baba."

Don Evaristo ya iso a makare kamar kullum, mutum biyu ɗauke da Sarauniya a lulluɓe. Ya yaye mayafin da kansa, ya jira tafi. Shiru. Ya juya ya dubi dogon teburin da ke bayansa, hularsa ta suɓuce daga hannunsa.

Don Ramiro bai dubi shugaban ba. Ɗansa ya zuba wa ido. Wilmar bai sunkuyar da kai ba.

Tukwane talatin, duk sun buɗe, koraye shar da jan leɓe: Sarauniya talatin. Tsohon bai rantse a kan ƙarya ba. Ɗansa ne ya yanke tohon, ya tsallaka teku da shi a cikin safa, ya hayayyafa shi a kwalabe.